Trump ya ce a saki hayaƙi: mi ya shafi mai gona a Abala?

 

Ranar 29 ga Yuli 2025, shugaban hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, mai suna Lee Zeldin, ya tsaya a wani wurin saida manyan motoci a jihar Indiana ya ce gwamnatin Donald Trump za ta soke wata takarda ta shekarar 2009. Takardar ba doguwar magana ta ƙunsa ba. Cewa ta yi iskar karbon da wasu iskoki biyar masu ɗumama duniya suna cutar da lahiyar mutane da zaman lahiyarsu. Amma a kanta anka gina dokokin da sunka ƙayyade yawan hayaƙin da motoci, kamyo da tashoshin wutar lantarki za su fitar a Amurka. Asalinta wani hukunci ne na kotun ƙolin ƙasar a 2007, inda alƙalai 5 sunka rinjayi 4 kan cewa wannan iska gurɓata ce, kuma dokar tsabtar iska ta 1970 ta hau kanta. In an tumɓuke takardar, dokokin da ke bisa kanta sun rasa gindi. Zeldin da kansa ya yi alfahari cewa ba a taɓa kwance dokoki masu yawa haka a tarihin ƙasarsu ba. Hujjarsu: mota ta yi tsada, masana'antu na shan wahala, a bar kowa ya sayi abin da yake so. Tun ranar 20 ga Janairu, ranar da ya koma kan kujera, Trump ya sa hannu kan fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris ta 2015, karo na biyu ke nan.

Tun da munka karanta labarin a rediyo, magana ta kasu. Wasu na cewa mi ya dame mu da rigimar Turawa, mu da muke fama da rashin tsaro da tsadar buhun hatsi. Wasu, musamman samari masu karatu, cewa suke Trump ya yi daidai: Turawa sun ƙona gawayi da man fetur shekara ɗari biyu har sunka yi arziki, yanzu da muka samu namu man sai su ce hayaƙi haramun ne. Akwai kuma na uku, kuma su ne maganarsu ta fi nauyi. Su dattawa ne da sunka ga zamanin da ma'aikacin gandun daji ke shiga gona da takardar tara a aljihu. Suna cewa: mu mun san doka, mun san abin da ta yi muna, kuma ranar da anka sassauta ta ne itace ya dawo.

Dattawan nan ba ƙarya suke ba. Bari mu tsaya nan tukuna, don labarin namu ne kuma yaran yanzu da yawa ba su san shi ba.

Tun dokar Faransa ta 1935, har zuwa dokar daji ta 1974 bayan mun samu ƴancin kai, itace na gwamnati ne. Ko cikin gonarka ya tsiro, ko kai ka yi mishi shinge, gawo ba naka ba ne. Ka sare reshe don ka ba akuya ko ka yi wa rumbu gyara, a kama ka, ka biya. To mi manomi zai yi? Da ya ga ɗan tsiro lokacin sassabe sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kada gobe ya zama sanadin da za a ja shi ofis. Ga kuma malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda anka share tas. Dokar da anka yi don kare itace ita ta maida itace abokin gabar mai gona.

Sai farin 1984 ya zo, wanda a wasu wuraren ƙasar Hausa ake ce wa El Buhari. A watan Mayu na shekarar, zamanin Janar Seyni Kunce, ɗan nan Fandu, anka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A wannan lokacin ne kuma wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan kututturan da ke tohowa cikin gonaki ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu saiwa da rai, in an rage rassan an bar biyu ko uku sai su tashi. Manoma sunka ɗauki abin, sunka sa mishi suna sassabin zamani. Sannu a hankali hannun gwamnati ya yi sauƙi a kan itacen gona, dokar karkara ta 1993 ta zo, dokar daji ta 2004 ta biyo, mutane sunka fara jin cewa abin da sunka raina nasu ne. Da masana sunka duba hotunan tauraron ɗan adam bayan shekara ashirin, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itace a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. Babu wani furoje na dashe da ya taɓa kusantar wannan a duk Afirka ta yamma. Mu da muka yi lekol, a darasin jogarafi hamada kawai anka koya muna tana cin kilomita kaza duk shekara, ba wanda ya gaya muna talakawan Maraɗi sun tura ta baya da adda.

To, in haka ne, ashe Trump ya bi hanyar Maraɗi ke nan? A'a, kuma ga inda muka rabu da dattawanmu, cikin ladabi.

A Maraɗi, wanda ke riƙe da gatari shi ne wanda iska za ta binne wa shuka in ya sare itacen. Shi ne akuyarsa za ta rasa ƴaƴan gawo da rani, matarsa ce za ta yi tahiyar yini don itacen girki. Riba tasa, hasara tasa. Da anka ce itacen naka ne, lissafi ya fito mishi a fili, ba ya bukatar ɗan sanda. Shi kuwa hayaƙi, wanda ya ƙona man ya ci ribarsa a Texas, hasarar ta tashi sama ta bazu kan kowa, kuma kaso mai tsoka ya sauka kan wanda bai taɓa tada mota ba. Iskar karbon in ta hau tana daɗewa ɗaruruwan shekaru, ba ta san iyakar ƙasa ba, ba ta da biza. Inda mai ci daban, mai biya daban, in ka cire doka ba ƴanci ka ba mutane ba, mai ƙarfi ka sakar wa mara.

Wannan ma mun san shi a gida, ba sai an je Amurka ba. Ku dubi burtali. Ku dubi dokar 1961 da ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba a noma. Mu nan Abala bakin layin muke zaune. Dokar tana nan a takarda, an ma ƙara jaddada ta a dokar makiyaya ta 2010, amma da yake ba a tsare ta ba, gonaki sun haura, burtali ya ƙuntace, bakin tabki ya zama gona. Wa ya ci riba? Wanda ya fi kusa da masu iko, ko wanda ya fi garke da kuɗin gina rijiya. Wa ya biya? Ƙaramin makiyayi da ƙaramin manomi, su ne ke haɗuwa a bakin gona da sanda lokacin kaka, su ne ake kaiwa gaban hakimi. Ba mu taɓa jin wani dattijo ya ce maganin rikicin burtali shi ne a soke burtali ba. Sama ma burtali ce, ta duniya duka, kuma yau wanda ya fi kowa garke ne ke cewa a cire turakun.

Akwai wani abu da ya kamata kowane ɗan Kurfai ya sani, don ya shafi kakanninmu kai tsaye. Lokacin farin 1973 da na 1984, da shanun Azawak sunka zube kamar ganye, da mata sunka koma jiƙa anza don a samu abin sa wa baki, laifin a kanmu anka ɗora. Masana na waje sun rubuta cewa dabbobinmu sun yi yawa, mun cinye ciyawa, mun sare daji, shi ya sa ruwa ya ɗauke. An koyar da haka a lekol, mu ma mun haddace. Sai a 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta sunka nuna cewa babban abin da ya juya ruwan Sahel shi ne canjin zafin ruwan teku, ba akuyar Bafillace ba. Bincike da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa ƙurar farar wuta da masana'antun Turai da Amurka ke fitarwa a shekarun nan ta taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya ja damina ta yi kudu ta bar mu. Ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma tana ciki. Da ƙasashen nan sunka tsananta dokokin tsabtar iska, don lahiyar huhun ƴaƴansu ba don mu ba, ƙurar ta ragu, kuma masana da dama na ganin hakan na cikin abin da ya sa ruwa ya ɗan dawo tun shekarun 1990. Kun gani ke nan: doka da anka rubuta a Washington ta taɓa shiga rumbun mutumin Sanam. Kuma dokar 1970 ɗin nan ita ce dai wadda a 2025 anka so cire wa haƙora ta ɓangaren iskar karbon.

Ruwan ya dawo, amma ba irin na da ba ne, kowane manomi ya shaida. Wani bincike da ya fito a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma ya danganta haka da ƙarin zafin Sahara. Shi ya sa za a yi kwana ashirin babu ɗigo, shuka ta ƙone, sannan dare guda a zubo ruwan wata ɗaya, korama ta kwashe ƙasa, gidan laka ya zauna. A 2024, ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara 150 ya rushe, har komawa lekol anka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Kafin nan, cikin azumi, a watan Afrilu, garin Kayes na Mali ya ga zafi digiri 48.5. Mu dai a nan mun san yadda tsofaffi sunka sha a azumin nan.

Ga lissafi kuma. Ba'amurke ɗaya, a matsakaici, yana fitar da wajen ton 14 na iskar karbon a shekara daga mai, gaz da gawayi. Ɗan Nijar bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ton guda da ɗan wani abu ba. Wato abin da mutumin Abala ke fitarwa shekara cur, wancan bai cika sati ba ya gama da shi. A duk hayaƙin da anka tara sama tun farkon masana'antu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Amurka ne ita kaɗai. Afirka duka, da mutane sama da miliyar ɗaya, ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da ake fitarwa duk shekara ba. In an zo lissafin Nijar, mafi yawan abin da ake rubuta muna daga dabbobi ne da gona da itacen girki. Eh, har gyatsar saniya ana ƙirgawa, kada ku yi dariya, iskar da take fitarwa tana cikin shidan nan na takardar 2009.

Yanzu mu dawo ga samarinmu masu cewa Trump ya yi daidai. Rabin maganarku muna tare da ku. Ƙasar da mutum kusan ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki ba ta da wanda zai yi mata wa'azin hayaƙi. Mun ga abin da ya faru a Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wuta saboda takunkumin CEDEAO, lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Bututun Agadem zuwa Seme, kusan kilomita 2000, ya fara fitar da mai a 2024. Gawayin Salkadamna na nan jihar Tawa, maƙwabtanmu, ana ta maganar tashar wuta a kansa. Dam ɗin Kandaji cikin jiharmu yake, mun tsufa muna jiran shi. Duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda likita da dare ana haska mata da tocilan waya ba zai ce kada Nijar ta yi wuta ba.

Amma ku gaya muna, soke takardar 2009 wane kwan lantarki zai kunna a Abala? Trump bai ce Nijar ta samu dama ba, cewa ya yi Amurka ta ƙara. Amurka ce ta ɗaya a duniya wajen haƙo man fetur, sama da ganga miliyan 13 kullum. Mu duka da na matatar SORAZ da na bututu, abin da ake fata ganga dubu 110 ne. In ya ƙara buɗe famfo, farashin ɗan namu ne zai faɗi. Kuma hujjar da muke da ita a gaban duniya, cewa ku kuka ɓata, ku rage, ku biya, mu a bar mu mu tashi, tana tsaye ne kan yarda cewa hayaƙi na cutarwa. Ranar da muka tafa wa mai cewa ba ya cutarwa, mun yaga takardar bashinmu da hannunmu. Kwana shida kacal kafin sanarwar Zeldin, ranar 23 ga Yuli, kotun duniya da ke Hague ta ba da ra'ayi cewa wajibi ne ƙasashe su kare yanayi, kuma wadda ta ƙi ana iya neman diyya a wurinta. Ƴar ƙaramar ƙasa, Vanuatu, ita ta ja gaban maganar. Ra'ayi ne, ba ya tilasta kowa, amma mai bin bashi ba ya raina shaida.

Kuma kada mu ruɗi kanmu da cewa kuɗin na zuwa gobe. A 2009 an yi alkawarin dala miliyar 100 duk shekara, anka cika shi a makare, mafi yawansa ma bashi. A Baku, 2024, anka ce miliyar 300 kafin 2035. Asusun biyan hasara da anka amince da shi a Masar a 2022, Amurka dala miliyan 17.5 ta yi alkawari, kuɗin da bai gina hanyar Filinge zuwa Abala ba, kuma a watan Maris na 2025 ta fice daga kwamitin asusun. Wanda ya jira wannan kafin ya yi tassa ko rabin wata a gonarsa zai daɗe.

Mun san kalmar doka ba ta da daɗin ji a nan. Tun 2017 muke cikin dokar ta ɓaci. Hana hawan moto ya karya ƴan kabu-kabu, ya sa mara lahiya ya koma kan amalanke. Don haka in mutumin Abala ya ji an ce wani shugaba ya kwance dokoki, zuciyarsa na iya cewa madalla tun bai ji wace doka ba. Tambayar da muke roƙo a riƙa yi ita ce: in an cire ta, wa zai ci, wa zai biya?

Mu yi wa kanmu tambayar ma. Kamyon itace da ke bin hanyar Filinge zuwa Yamai, shaƙe da geza da sabara har da ɗanye, wa ke ci, wa ke biya? Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara don ƙauye ya tsare dajinsa, ya saida da ƙa'ida, kaso na haraji ya zauna a garin. A wurare da yawa yau saura suna, rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga daji, mai kamyo kuwa bai fasa ba. Ga ƴan gudun hijirar Mali da ke nan tun 2012, ga namu da sunka baro garuruwansu, kowa sai ya dafa abinci, kuma ba mai laifi cikinsu. Butalin gaz da zai rage wa daji nauyi, kafin ya iso nan kuɗinsa ya wuce na Yamai, wani lokaci ma babu. Duk 3 ga Agusta muna dasa itace a yi hoto, watan Maris ka je ka ƙirga masu rai. Alhali a Yuli 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina ta hanyar sassabin zamani. Manoma nawa ne a Sanam sunka taɓa jin ta da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fillanci, ko Tamajak? Da faransanci take kwance cikin ofis.

A watan Nuwamba 2025 an yi taron yanayi na duniya a Belem, ƙasar Brazil. Mun roƙi wakilan Nijar su tafi da lissafin gidajen da sunka rushe a 2024 da shanun da ruwa ya ci, su faɗi a fili cewa ba mu yarda da abin da Washington ta shirya yi ba, ko da wa muke ƙawance yau. Tashar gawayi in za a gina, a gaya wa mutanen wurin tun yanzu ina toka za ta zuba, ruwan wace rijiya za a ja, wa zai auna hayaƙin.

Mu kuma a namu ɓangaren, mun nemi ma'aikatan gandun daji da masu riƙon komin su zo rediyo su karanta dokar 2020 sashe sashe da harshen da tsohuwa za ta gane, su amsa tambaya ɗaya da manoma ke ta aiko muna: gawon da na raina cikin gonata, in na sare reshensa, za a ci ni tara ko ba za a ci ba? Wanda ke da irin wannan tambaya ya aiko da saƙon murya, ya faɗi garinsu, ba sai ya faɗi suna ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Kurfai lahiya.